Kafin a ba da fili a karɓi fili: yadda ake auna musaya don ceton filin ƙwallon lambu na gari

A yammacin birnin Austin na jihar Teksas a Amurka akwai wani filin ƙwallon lambu, wato golf, mai faɗin eka 141, wanda mutanen garin ke kira Muny. Ƙungiyar Lions ce ta buɗe shi a 1924, hukumar birni ta karɓi ragamarsa a 1936, kuma ita ke gudanar da shi tun daga lokacin. Sai dai ƙasar da ciyawar ke kai ba ta birnin ba ce. Ta Jami'ar Teksas ce, wani yanki ne na kyautar da George Brackenridge ya yi wa jami'ar a 1910. A 2011 hukumar gudanarwar jami'ar ta yanke shawarar ba za ta sabunta hayar ba idan wa'adinta ya cika a watan Mayun 2019. Daga nan aka shiga neman mafita: ko a sayi filin, ko a ƙara kuɗin haya, ko kuma birni ya ba jami'a wani fili nasa a wani wuri ita kuma ta bar masa wannan.

Hanyar ta ƙarshe tana da farin jini a wurin masu mulki, don kuwa ana ganin kamar ba a taɓa baitulmali ba. Ba ni gishiri in ba ka manda, kowa ya kama gabansa. Ni ina cikin masu son irin waɗannan filaye su rayu. A nan ne direban tasi da ɗan fansho da yaron makaranta ke samun damar buga wasan da a wasu wurare sai mai hannu da shuni, kuma a Amurka kaɗai akwai irinsu kusan 2,900. Amma son abu ba ya hana a yi masa lissafi. Musaya tana iya samar wa fili ƙasar da zai zauna a kai. Ba ta biyan albashin mai yankan ciyawa, ba ta biyan kuɗin ruwa. Wannan jagora na kansila ne, da ma'aikacin hukumar birni, da ɗan ƙungiyar unguwa, da ɗan jaridar da aka miƙa wa takardar musaya aka ce ya duba.

Mataki na farko: a buɗe littafin kuɗi a gano ainihin ciwon

Kafin kowa ya baje taswira, nemi lissafin filin na aƙalla shekara goma. Shekara ɗaya ko biyu ba sa faɗin gaskiya. Ruwan sama mai yawa yakan rufe fili na makonni, sannan tun annobar korona ta 2020 masu wasan suka ƙaru ƙwarai a Amurka, har wanda ya dubi shekarun bayan annobar kaɗai zai zaci kullum haka kasuwar take.

Abin da za ka ciro daga littafin ba shi da yawa. Zagaye nawa aka buga a kowace shekara, wato sau nawa mai wasa ya bi ramukan filin daga na farko zuwa na ƙarshe? Nawa zagaye ɗaya ke kawowa idan an haɗa kuɗin shiga da hayar 'yar motar zagaya fili da kuɗin wurin atisaye da cinikin abinci? Nawa ake kashewa a kan albashi, ruwa, taki, man injuna da gyaransu? Akwai bashi a kan filin? Sai tambayar da aka fi ɓoye amsarta: waɗanne gyare-gyare aka yi ta ɗagewa shekara da shekaru? Bututun ban-ruwa da ke binne a ƙarƙashin ciyawa yakan yi shekara 20 zuwa 30 kafin ya gaji, kuma sauya shi a fili mai rami 18 aiki ne na miliyoyin daloli. Fili yana iya nuna riba a takarda alhali yana cin jikinsa ne, an bar magudanan ruwa sun toshe, rufin ofis yana yoyo, injuna sun tsufa. Kada ka tsaya a ofishin akanta. Je ka sami shugaban masu kula da ciyawa, ka zauna da shi a rumbun injuna, shi ya san inda ruwa ke kwanciya da bututun da ake faci duk mako.

Ka kuma duba kuɗin da hedikwatar birni ke ɗora wa filin da sunan hidimar ofis, kamar na lauyoyi da na masu biyan albashi. Wani lokaci wannan kason ne ke mai da riba asara. Sannan majalisa ta faɗi ma'auninta a fili: wurin ninkaya na gari da laburare da filin wasan yara ba wanda ke neman su kawo riba, to shi filin ƙwallon lambu da wane mudu za a auna shi? Ko wace amsa aka bayar, a ba da ita tun yanzu, kada a sauya ta a tsakiyar ciniki.

Idan ka gama, za ka tarar ciwon ɗaya ne daga cikin uku. Ko dai ƙasar ce ba ta birni ba, mai ita yana son abinsa, kamar yadda lamarin Austin yake. Ko kuma ana bukatar kuɗi mai kauri sau ɗaya don babban gyara. Ko kuwa abin da ke fita kowace shekara ya fi abin da ke shigowa. Musaya tana maganin na farko sarai. Tana iya maganin na biyu idan ta zo da cikon kuɗi. Na uku kam ba ta taɓa shi. A ce, don misali, fili yana asarar dala 300,000 a shekara, musaya ta kawo ciko na dala miliyan 3. Bayan shekara goma kuɗin sun ƙare, ƙasar da aka bayar ta tafi ba dawowa, asarar tana nan inda take. Idan ciwonka na uku ne, ajiye maganar musaya tukuna, ka tsallaka zuwa mataki na shida.

Mataki na biyu: me aka rubuta a takardar mallaka?

Fili na gari ba kasafai yake zuwa hannun gari haka siddan ba. Wani kyauta ne da sharaɗi, kusan kamar waƙafi: mai bayarwa ya ce a yi kaza da shi, idan aka saɓa ya koma ga magadansa. Wani an saye shi da kuɗin da jama'a suka kaɗa ƙuri'a suka amince a ranto domin wuraren shaƙatawa kaɗai. Wani an gyara shi da tallafin gwamnatin sama, tallafin kuma ya bar masa ƙaidi. Sa lauya ya bi tarihin kowane fili daga cikin biyun, tun daga takardar farko, ba ta ƙarshe kaɗai ba.

A Amurka babban ƙaidin shi ne na asusun tarayya na kiyaye ƙasa da ruwa, wanda ya fara aiki a 1965. Duk filin da aka saya ko aka gyara da kuɗin asusun, ba a mai da shi wani abu daban sai da amincewar ma'aikatar harkokin cikin gida ta hannun hukumar gandun shaƙatawa ta ƙasa, kuma dole a musanya shi da wani da bai gaza shi daraja a kasuwa ba, wanda amfaninsa da wurin da yake suka yi kusa da na asali. Wannan ma'aunin mai ƙafa uku, daraja da amfani da wuri, ya cancanci ka ara ko da dokar ba ta hau kanka ba. Jihohi ma suna da nasu. A New York birni ba ya rabuwa da filin shaƙatawa sai majalisar dokokin jiha ta yarda. A Massachusetts sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar sun amince. A Teksas sai an yi zaman sauraron jama'a, an kuma tabbatar babu wata hanya mai yiwuwa kuma mai ma'ana. A Ingila, sashe na 123 na dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ya wajabta wa hukuma ta nemi mafi kyawun farashi, kuma idan filin shan iska ne ta buga sanarwa a jaridar yankin mako biyu a jere, ta duba ƙorafin da aka kawo.

Mai karatu a Najeriya ya san tsarinmu daban ne. Tsofaffin filayen Kano da Kaduna da Rayfield ta Jos na kulob ne, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ba a sauya hannun takardar izinin zama da ya bayar sai da yardarsa, yana kuma da ikon soke ta saboda maslahar jama'a. A nan, tambayar farko ita ce sunan wa ke kan takardar, shekara nawa suka rage mata, kuma don wane amfani aka bayar da ita.

Idan lauya ya dawo ya ce akwai ƙaidi, kada ka ɗauke shi cikas kawai. Sau da yawa shi ne babban makamin da jama'a ke da shi a cinikin, kamar yadda za ka gani yanzu.

Mataki na uku: ƙiyasin daraja, inda aka fi cutar gari

A nan nake so ka fi daɗewa. Darajar fili tana bin abin da doka ta yarda a yi a kansa. Eka ɗaya da aka ce ciyawa kaɗai za ta ɗauka, da eka ɗaya da aka yarda a dasa mata bene mai hawa goma, ko da katanga ɗaya ce ta raba su, farashinsu ba ya kusa.

Dubi abin da ya faru a Denver ta jihar Colorado. A da, filin Park Hill mai eka 155 na wata gidauniyar tallafa wa yara ne, amma kowa yana iya biya ya buga. A 1997 birnin ya ba gidauniyar dala miliyan 2, aka rubuta sharaɗi a kan ƙasar cewa za ta ci gaba da zama filin ƙwallon lambu. An rufe filin a ƙarshen 2018. A 2019 kamfanin Westside ya saye shi a kan dala miliyan 24, da fatan za a cire sharaɗin ya gina gidaje da shaguna. A 2021 masu zaɓe suka kafa doka cewa ba a cire irin wannan sharaɗi sai an tambayi dukan garin, a watan Afrilun 2023 kuma aka tambaye su suka ce a'a. A Janairun 2025 magajin gari Mike Johnston ya sanar da musaya: birni ya karɓi Park Hill, kamfani ya karɓi eka 145 a kusa da tashar jirgin saman Denver. Darajar da aka ɗora wa cinikin ta kama kimanin dala miliyan 12.7, wajen rabin abin da kamfanin ya biya shekara shida kafin nan. Ƙasar ba ta ragu da taku ɗaya ba. Rubutun 1997 ne ya riƙe farashin.

Akwai wasu abubuwa biyu a wannan labari da bai kamata su wuce ka ba. Filin da birnin ya bayar na tashar jirgi ne, kuma dokokin sufurin sama na tarayya ba su yarda a kyautar da kadarar tasha ba, saboda haka tsarin ya tanadi a biya tashar daga asusun wuraren shaƙatawa. Ka ga ashe an taɓa baitulmali. Na biyu, abin da aka ceto a Denver fili ne, wasan bai tsira ba, domin wurin shaƙatawa na kowa da kowa aka tsara mai da shi. Mutanen garin da yawa abin da suke so ke nan, kuma haƙƙinsu ne. Amma idan burinka wasan ya ci gaba, sai ka tabbata an rubuta hakan ɓaro-ɓaro.

Yanzu juya labarin ka ga tarkon da ake ɗana wa garuruwa. Kamfani yana son wani yanki na filin gari. Mai ƙiyasi ya zo ya yi wa yankin kuɗi a matsayin filin wasa mai asara, farashi ya fito ƙasa. Filin da kamfanin zai bayar kuwa aka yi masa kuɗi bisa abin da ake fatan zai zama nan gaba. A takarda sai a ga sun yi kunnen doki. Bayan an sa hannu, majalisar nan dai ta zauna ta sauya wa yankin da ta bayar matsayi zuwa na gidaje, darajarsa ta ninka, ribar duka ta faɗa aljihu ɗaya. Ƙuri'ar majalisa ce ta haifi wannan ƙarin daraja, don haka jama'a suna da kaso a ciki.

Ga yadda za ka toshe ƙofar. Hukumar birni ce za ta ɗauki masu ƙiyasi, ita za ta biya su, kuma su zama biyu waɗanda ba su da wata hulɗa da kamfanin. A ba su umarni iri ɗaya a rubuce, da rana ɗaya ta ƙiyasi. Kowane fili a yi masa kuɗi sau biyu: yadda yake a yau, da yadda zai kasance bayan an ba da duk izinin da cinikin ya dogara a kai. Idan tazarar da ke tsakanin masu ƙiyasin biyu ta yi faɗi, a ganina idan ta wuce kashi goma cikin ɗari, a kira na uku. Sannan a wallafa rahotannin gaba ɗaya kafin ranar ƙuri'a, da jerin filayen da aka kwatanta da su. Duk wanda ya ce maka rahoton sirri ne sai bayan an gama, cinikin biri a sama yake so ka yi.

Kada ka manta da abin da birni zai rasa ta ɗaya ɓangaren. Filin da zai bayar, me zai iya zama da an bar shi? Makaranta, asibiti, gidaje masu sauƙin haya, ko kuɗi tsaba idan an yi gwanjonsa a bainar jama'a? Musaya ciniki ne da mai saye ɗaya tilo, babu mai taya masa. Wannan kaɗai ya isa a tsananta bincike.

Mataki na huɗu: je ka taka filin da ƙafarka

Gani ya kori ji. A 2024 gwamnan Fulorida Ron DeSantis da majalisar zartarwarsa suka ba da amincewar farko ga wata musaya: kamfanin wani filin ƙwallon lambu na masu kuɗi, Cabot Citrus Farms, zai karɓi eka 324 na dajin jiha na Withlacoochee da ke maƙwabtaka da shi, ya ba da eka 861 a gundumar Levy. Wanda ya tsaya a lissafin eka zai ce jiha ta ci riba fiye da ninki biyu. Amma wanda za a karɓa gonar itatuwan katako ce, wanda za a bayar kuwa yanki ne na hanyar da namun daji ke bi. Jama'a suka yi ca, a 2025 aka janye maganar. Wannan ba filin gari ba ne, amma darasinsa ya shafe mu kai tsaye.

Idan za a mai da filin wasan sabon wuri, tafi da mai zanen irin waɗannan filaye da injiniyan ruwa. Rami 18 yakan ci wajen eka 150, kuma siffar filin tana da muhimmanci kamar faɗinsa: dogon siriri ko mai gangara da yawa ba ya ɗaukar wasan. A haƙa ƙasa a gani ko tana tsotse ruwa ko laka ce mai riƙewa. A tambayi inda ruwan ban-ciyawa zai fito, ko akwai izinin ɗibarsa, da kuɗinsa a shekarar fari. A ƙasa mai zafi wannan tambayar ita ce uwa. Ƙarancin ruwa ne ya sa filaye da dama a Arewa suka daɗe suna amfani da yashi da aka cuɗa da mai a bakin rami maimakon ciyawa. A bincika tarihin wurin, ko tsohuwar bola ce, ko masana'anta, ko akwai bututun gas da manyan wayoyin lantarki da suka ratsa.

Tsohon filin ma a gwada ƙasarsa. Magungunan ƙwari da na ciyawa da aka yi amfani da su shekaru aru-aru da suka wuce sukan bar guba irin su arsenik da dalma da zaiba, musamman a lallausar ciyawar bakin rami. Idan gidaje za a gina a wurin, wani zai biya kuɗin kwashe wannan ƙasa, kuma gara a san ko wane ne tun yanzu. Haka nan filaye da yawa na gari suna cikin kwari, suna shanye ruwan da da ya shiga gidajen mutane. Denver ɗin nan ta sake fasalin filinta na City Park musamman don ya riƙa tare ambaliya, aka sake buɗe shi a 2020. Idan aka shafe irin wannan wuri da kwalta da siminti, ruwan zai nemi wata hanya, kuɗin sababbin magudanai kuma a kan gari zai faɗa.

Sai ka gwada zuwa sabon wurin ba da motarka ba. Hau bas, ko keke, ka duba agogo. Yaron da ke tafiya da ƙafa daga makaranta zuwa tsohon filin, zai iya zuwa wannan?

Mataki na biyar: lissafin shekarun da ke tsakani

Gina sabon fili da jiran ciyawa ta kama yakan ci wajen shekara biyu, idan komai ya tafi daidai. A wannan tsakanin ina masu wasa za su je, ma'aikata kuma wa zai biya su? Mai wasan da ya saba da wani wuri ba lallai ya dawo ba. Sa kuɗin shigar da za a rasa a cikin lissafi, tare da kuɗin titi, lantarki, ofis, rumbun injuna da wurin ajiye motoci, ka kuma ware wani kaso don tashin farashin kaya. Daga nan ka zana lissafin shekara 20 masu zuwa har kashi uku: idan kasuwa ta yi kyau, idan ta tsaya yadda take, idan masu wasa suka ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Musayar da ba ta tsayuwa sai a lissafi na farko ba ta da ƙafa.

Mataki na shida: jera musayar kusa da sauran hanyoyi

Ba a cewa abu ya fi sai an gwada shi da wani. A Houston, gidauniyar ƙungiyar wasa ta Astros ta ɗauki nauyin sake gina filin Memorial Park, aka buɗe shi a 2019, yana nan a hannun gari, kuma daga 2020 ya fara karɓar babbar gasar Houston. A Winter Park ta Fulorida, gari ya gyara ɗan filinsa mai rami tara a 2016, ya zama abin kwatance a ƙasar. Ana iya rage rami 18 zuwa 12 ko 9 a buɗe sauran ga masu yawo da ƙafa. Ana iya ba da hayar wani lungu na dogon wa'adi maimakon rabuwa da shi har abada. Ana iya ƙara wa baƙi kuɗin shiga a bar na 'yan gari yadda yake, ko a sa fitilu a wurin atisaye don a yi ciniki da dare. Har da barin komai yadda yake a sa shi a jerin, a rubuta abin da zai ci. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na bakwai: a saurari mutane tun magana ba ta daskare ba

Akwai abin da mai ƙiyasi ba ya iya sa wa kuɗi. A ƙarshen 1950, lokacin da dokar wariyar launin fata ke da ƙarfi a kudancin Amurka, wasu yara biyu baƙar fata suka shiga Muny suka kama wasa. Ɗayansu, Alvin Propps, ɗan shekara tara ne mai ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna. Magana ta kai ga magajin gari Taylor Glass, aka yanke a ƙyale su su gama. Watanni kaɗan ke nan bayan kotun ƙoli ta umarci Jami'ar Teksas ta karɓi wani baƙar fata mai suna Heman Sweatt a sashenta na koyon shari'a. Ana ɗaukar Muny a matsayin filin gari na farko da aka buɗe wa kowa a tsofaffin jihohin kudu, kuma a 2016 aka sa shi a kundin wuraren tarihi na ƙasa. Ben Crenshaw, wanda ya ci Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin wasan a duniya, a 1984 da 1995, a unguwar ya tashi, a filin ya koyi wasa, yana kuma sahun gaba na masu fafutukar ceto shi. Irin wannan tarihi ba ya bin motar ƙaura zuwa sabon fili. Ka lura kuma, shiga kundin tarihi girmamawa ce, ba ta hana mai ƙasa yin gini.

Duk da haka a yi wa ɗaya ɓangaren adalci. An ba jami'a ƙasar ne don amfanin ilimi, hayar da birni ke biya ta kama wajen rabin dala miliyan a shekara, alhali gini a wurin zai kawo mata ninkin haka sau da yawa. Gidaje kuma sun yi tsada a Austin. Wanda ya ce a gina gidaje ba maƙiyin gari ba ne, haka ma uwar da ta ce eka ɗari da wani abu a tsakiyar birni bai kamata a killace wa masu wasa ɗaya ba. Fili na gari da ke son goyon bayan gari sai ya nuna wa wanda bai taɓa riƙe sanda ba abin da zai samu: hanyar tafiya da ƙafa a gefe, darasi kyauta ga 'yan makaranta, ranakun da ake buɗe ƙofa ga iyalai.

A kira taro a unguwar tsohon fili da ta sabon, da yamma bayan an tashi aiki, a kawo taswira da rahoton ƙiyasi. A gayyaci ma'aikatan filin da maƙwabta da masu neman gidaje. Kansilan da ke da alaƙar kasuwanci ko ta jini da kamfanin, ko wanda kamfanin ya tallafa wa yaƙin zaɓensa, ya faɗa da bakinsa, ya kuma janye daga ƙuri'ar.

Mataki na takwas: duk alkawari ya shiga takarda

Magajin garin da ya yi alkawari zai sauka, kamfanin da ya sa hannu yana iya sayar da haƙƙinsa ga wani. Abin da ke kan takarda ne kaɗai zai saura. A miƙa takardun filayen biyu rana ɗaya, a zama ɗaya. Idan akwai sabon fili da za a gina, kada a rufe tsohon sai an buɗe sabon kuma injiniyan gari ya karɓe shi. Idan hakan ba zai yiwu ba, kamfani ya ajiye lamunin banki da ya kai kuɗin aikin duka, da tara a kan kowane watan jinkiri. A rubuta cewa idan wa'adi ya wuce ba a cika sharaɗi ba, ƙasar ta koma hannun gari. A faɗi wanda zai biya kuɗin tsabtace ƙasa a kowane ɓangare. Idan daga baya aka ƙara wa kamfani izinin gini fiye da wanda aka yi ƙiyasi a kansa, a fayyace kason da gari zai karɓa daga ƙarin darajar.

Cikon kuɗi, in akwai, ya shiga asusu na musamman da ba a taɓawa sai don manyan gyare-gyaren filin, kada ya narke a cikin kasafin shekara. A ɗora wa filin da aka ceto sharaɗi na dindindin cewa na jama'a ne, kowa yana iya biya ya shiga, da ƙa'idar yadda za a riƙa ƙara kuɗin shiga ga 'yan gari da yara da tsofaffi. Ya fi ƙarfi idan wata hukuma ko gidauniya daban da majalisar birni ce ke riƙe da ikon tilasta sharaɗin, domin majalisar da ta ɗaura ita ce mai iya kwancewa.

Bayan an sa hannu, bi takardar har ofishin rajistar filaye ka tabbata an shigar da sharaɗin tare da taswirar safiyo mai nuna kowace kusurwa. Karɓi kwafi mai hatimi, a ajiye ɗaya a ofishin filin, ɗaya a wurin ƙungiyar masu wasa, ɗaya a laburaren gari. Sannan a sa rana a kalandar majalisa, wata goma sha biyu daga ranar miƙa takardu, da za a karanta rahoton farko a zaman da kowa zai iya halarta: zagaye nawa aka buga, nawa ya rage a asusun gyara, kuma wane sharaɗi ne har yanzu ba a cika ba.